Shin Naman Kaza Yana Cikin Ganyen Ƙamshi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga an jera naman kaza, wato laimar kwaɗi (mushroom), kusa da na'a-na'a da ɗoɗɗoya a wani babban kanti, sai gardama ta kaure tsakanina da ƙanwata, domin ita ta dage a kan cewa dukkansu kayan ƙamshin girki ne. Don Allah a raba mana gardama. Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Gaskiya tana wajenki, mai kantin ya haɗa su ne kawai saboda duka suna buƙatar sanyi.

Ganyen ƙamshi shi ne wanda ake tsinko kaɗan daga cikinsa domin ya gyara girki, kamar ɗoɗɗoya a farfesu ko na'a-na'a a shayi, kuma ƙamshin yana fitowa ne daga wani mai da ke cikin ganyen, wanda zafi yake saurin korewa. Shi ya sa gwanayen girki ba sa zuba ɗanyen ganye irin wannan sai dab da sauke tukunya. Citta da kanumfari da kirfa da masoro kuwa, duk da cewa su ma daga tsiro suke, saiwa ce da tohon fure da ɓawo da 'ya'ya, kuma suna jure doguwar dahuwa. Alayyahu da zogale da yakuwa ganyen miya ne da ake ci da yawa don su kansu.

Naman kaza kuwa ba ma tsiro ba ne. Ba shi da ganye, ba ya fure, ba shi da koren sinadarin da tsirrai suke haɗa abincinsu da shi daga hasken rana, don haka yana rayuwa ne ta hanyar tsotsar ruɓaɓɓen itace da taki da makamantansu. Danginsa su ne fumfuna da yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi, kuma tun a 1969 masanin nan ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware musu aji nasu dabam da na tsirrai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, sinadarin da ke ƙarfafa jikinsa iri ɗaya ne da wanda ke cikin ɓawon fara.

A tukunya ma aikinsa dabam ne. Ɗanɗano yake bayarwa, irin garɗin nan na daddawa, domin yana ɗauke da sinadarin gulutamet kamar ita, kuma yana buƙatar a soya shi ko a dafa shi sosai har ruwansa ya tsotse.

Game da wanda yake fitowa da kansa a daji ko a jikin suri da damina, shawarata ita ce kada ki tsinko sai tare da wanda ya san shi sosai. Wasu nau'o'in suna da dafin da ke lalata hanta, dahuwa ba ta kashe shi, kuma alamunsa ba sa bayyana sai bayan awa 6 ko fiye. Na kanti nomansa ake yi, don haka ba shi da wannan haɗarin.