Manyan fitilun rataye: a auna ɗaki kafin a saro kaya

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan wuta a Maraɗi ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana sayar da waya da ƙwan fitila da soket da fanka, yanzu kuma ya tara sefa miliyan 3 da yake son juyawa. A ƴan watannin nan an zo masa sau biyu neman manyan fitilun nan na rataye masu ƙyalƙyali. Na farko wani Alhaji ne da ke gina bene mai dogon falo a unguwar Ali Ɗan Sofo, na biyu kuma kwamitin wani masallacin Juma'a. Yana son ya san ko ya zuba kuɗin ya saro su ya rataya a shago, in kuma haka ne, wane girma da wane iri ya kamata ya zaɓa.

Malam, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka zuba jarinka cikin manyan fitilun nan don ka jera su kana jiran mai saye. Harkar tana da riba, kuma ina son ka shige ta, amma ta wata ƙofa daban.

Bari mu fara da lissafi, da alƙaluman misali kawai. A ce ka sa jika 500, wato sefa dubu 500, cikin ƙananan kayan da ka saba, kana juya su sau 6 a shekara, kowane juyi da ribar kashi 10 cikin 100. Ka samu jika 300 ke nan. A ce kuma ka sayi babbar fitila ɗaya da wannan jika 500, ta shekara a rataye, sannan Allah ya kawo mai saye a kan jika 700. A ido ribar babba ce, jika 200 a ciniki ɗaya, amma ba ta kai ta ƙananan kaya ba, kuma ba mu cire kuɗin gogewa da ƴaƴan gilashin da suka fashe ba. Wannan ma in an saya ne. In ta yi kwantai, yayi ya wuce ta, sai dai ka karyar da ita.

Dalilin da ya sa take yin kwantai shi ne babbar fitila kamar ɗinkin babbar riga take, da awon mai ita ake yanka ta. Wadda ta yi daidai da falon Alhaji za ta ɓace a tsakiyar masallaci, wadda ta cika masallaci kuma ko ƙofar falon ba za ta shiga ba. Don haka abin da za ka fara saye ba fitila ba ne, mitar awo ce, kuma ka je ginin da ƙafarka.

Masu wannan aiki suna da wani ƙiyasi mai sauƙi. Ka auna tsawon ɗakin da faɗinsa da mita, ka haɗa su, ka ninka sau 8. Abin da ya fito shi ne faɗin fitilar da santimita. Falo mai mita 8 da mita 6 ya ba da 14, sau 8 ya zama 112, wato fitila mai faɗin santimita 110 zuwa 120. Tsayin jikinta kuwa daga tsayin silin ake ɗaukarsa: kowace mita ɗaya ta tsayi, a ba fitila santimita 20 zuwa 25. In silin ɗin Alhaji ya kai mita 5 da rabi, jikin fitilar zai kama tsakanin santimita 110 da 140. A ɗaki mai tsayi irin wannan, fitila mai hawa biyu ko uku wadda ke zubowa ƙasa ta fi shimfiɗaɗɗiya kyau, domin ita shimfiɗaɗɗiyar tana manne wa sama ta bar sararin ɗakin wayam. Ƙiyasi ne ba doka ba, amma abin da na fi gani shi ne mutane suna kuskure ta wajen ƙanƙanta. Fitila a shago mai gajeren rufi tana cika ido, a kai ta dogon falo sai ta koma ƴar mitsitsiya, maigida ya ga kamar an cuce shi.

Sai maganar inda za ta tsaya. Daga daɓe zuwa ƙasan fitila kada ya gaza mita 2 da santimita 10 a duk inda mutane ke wucewa, ni ma na fi son a ƙara, don nan mutane da hula suke yawo, ga ɗaukar kaya a kai. In falon irin wanda ake leƙowa daga bene ne, kada ƙasanta ya sauko ƙasa da daɓen benen. A misalinmu, in ƙasanta zai tsaya a mita 3, jikinta kuma mita 1 da santimita 30 ne, saura mita 1 da santimita 20 na sarƙa. Sau da yawa sarƙar da ke zuwa cikin kwali ba ta kai haka, kuma samun mai launi ɗaya da ita a kasuwarmu wahala ne. Tun wajen oda ka faɗi tsawon sarƙa da na waya.

Masallacin kuma maganarsa daban. Zaure mai mita 20 da 15 zai ba ka fitila mai faɗin kusan mita 3, da nauyin da sai an yi mata ginin kanta. In akwai ƙubba a tsakiya kuma an yi ta da ƙarfi, to ana iya yi. In babu, ka ba kwamitin shawarar matsakaita huɗu ko shida a jere tsakanin ginshiƙai. Haske zai fi bazuwa ga sahu-sahu, mai karatu a gefe zai ga Alƙur'aninsa, ranar da ɗaya ta lalace kuma ba za a yi sallah cikin duhu ba.

Inda nake son ka fi tsayawa shi ne abin da zai riƙe ta, don nan ne kasuwanci ke haɗuwa da ran mutane. Babbar fitilar gilashi tana iya kai kilo 40 ko 60 ko fiye. Silin ɗin filasta da na katako ado ne, ba sa ɗaukar irin wannan nauyi. Dole ƙugiyar ta kama cikin kankaren rufi ko cikin ƙarfen da aka gitta musamman dominta. Abin da ya fi sauƙi da arha shi ne a dasa ƙugiyar rodi tun lokacin da magina ke zuba kankare, shi ya sa na ce ka je ginin Alhaji yanzu, kafin masu filasta su rufe sama. Duk fitilar da ta haura kilo 20, kada ka yarda yaronka ya ɗaura ta sai ka ga abin da ke sama da idonka, kuma a ƙara mata wayar ƙarfe ta biyu don tsaro. In maigida ya ce a lallaɓa a haka, ka ba shi haƙuri ka bar cinikin. Ranar da ta faɗo kan yara, ba wanda zai tambayi sunan magini, sunan shagonka za a kira.

Akwai abu biyu na garinmu da hotunan waya ba sa nunawa. Na farko fanka. A watan Afirilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ba falon da zai zauna babu fanka. In fukafukanta suna juyawa ƙarƙashin haske ko dab da shi, ɗakin zai riƙa walƙiya yana gajiyar da ido, iska kuma ta riƙa kaɗa ƴaƴan gilashin suna karo da juna. A ba fitila tsakiya, a kai fankoki gefe, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin bakin fiffike da bakin fitila. Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga ko'ina, fitila mai ƴaƴa dubu kuma kowane ɗa sai an goge shi da hannu, a mita 4 daga ƙasa. Ka tambayi maigida wa zai hau. In babu amsa, ka nuna masa mai manyan zobba ko mai ƴaƴa kaɗan manya. Akwai na'urar da ake ɓoyewa cikin silin tana sauko da fitila ƙasa, tana da tsada amma ga masallaci ta cancanta. Gogewar ma kanta sana'a ce. Ka koya wa yaranka biyu, ku riƙa zuwa bayan hunturu da kafin sallah, a biya ku. Wannan ƙaramin kuɗi ne da ke dawowa duk shekara, kuma shi ke riƙe maka ƙofar gidan.

Wajen duba kaya, hannunka ya fi hoto. Ka cire ɗa ɗaya ka riƙe. Gilashi na gaske, irin wanda ƴan Sin ke kira K9, yana da sanyi da nauyi a tafin hannu, in ka ƙwanƙwasa shi da zobe zai yi ƙara siririya. Na roba ba shi da nauyi, ƙararsa a dushe take, yana jan ƙura, bayan ƴan shekaru kuma ya koma ruwan ɗorawa. Ka sa mayen ƙarfe a jikin abin da aka ce maka tagulla ce. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinariya. Ba laifi ba ne ka sayar da na roba ko na shafe, akwai masu buƙatarsa, amma ka faɗa wa mai saye abin da yake saye, ka sa masa kuɗinsa.

Ta fannin wuta, tamu volt 220 ce. Kayan da aka yi don Amurka na 120 ne, mazaunin ƙwansu ma daban, kada arhar gwanjo ta ja ka. Ka fifita fitilar da ake kwance ƙwanta a sauya, mai mazauni E14 ko E27, waɗanda kai kanka kake sayarwa. Masu hasken LED da aka gina a jiki suna da kyau, amma rayuwarsu na rataye da ɗan akwatin da ke sarrafa musu wuta, shi kuwa hawa da saukar wuta ke kashe shi. In za ka kawo irinsu, ka nemi akwatin da aka rubuta yana ɗaukar volt 85 zuwa 265, ka taho da na canji guda biyu. Mu tuna wutar Maraɗi ta Katsina take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023. Tun daga lokacin gidaje da yawa sun koma ga sola da janareta, don haka mai saye zai tambaye ka abin da fitilar ke ci. Ƙwai 16 na LED masu watt 5 sun tashi watt 80. Da tsofaffin ƙwai masu watt 40 ne, da 640 ake magana, ga zafi. Ka kuma gaya masa gaskiya cewa fitila ɗaya a dogon falo ba ta isa, sai da ƙananan fitilu a bango ko cikin silin. Nan ma cinikinka ne.

Game da sari, mafi yawan irin waɗannan fitilu daga ƙasar Sin suke fitowa, musamman garin Guzhen na lardin Guangdong. Ban ba ka shawarar ka fara da can ba. Jirgin ruwa da girman kwali yake cajin irin wannan kaya, su kuwa rabin kwalinsu soso ne da iska. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kuma kaya da yawa sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau. Ka fara da manyan dilolin Kano, waɗanda su ma suke ɗaukowa daga Legas. Ribar ta fi ƙanƙanta, amma kana iya zuwa ka gani, a buɗe kwali gabanka a ƙirga, a kunna, in wani abu ya fashe kuma akwai wanda za ka koma wa. Sai oda ta yawaita sannan ka yi tunanin haɗa kwantena da wasu.

Daga cikin miliyan 3 ɗinka, abin da zan ware wa wannan harka bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba: matsakaita biyu ko uku da za ka rataya a kunne a shago don a ga aikinka, ƙwai da ƴaƴan gilashi na canji, tsani mai kyau, da kuɗin motar zuwa Kano. Sauran su ci gaba da juyawa inda ka saba. Manyan kuwa sai da oda.

In ka zo yanka kuɗi, ka haɗa komai: kuɗin saye, canji, dako, duwan da haraji, wani abu don fashewa, ladan mai haɗawa da mai ɗaurawa, sannan ribarka. Haɗa babbar fitila na iya cin yini guda na mutum biyu, kada ka bayar da shi kyauta don kunya. Sefa a ɗaure take da yuro, amma naira da dalar Amurka motsi suke yi, saboda haka ka rubuta cewa farashin na mako ɗaya ne. Ka karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin saye da dako gaba ɗaya, ta yadda ribarka ce kaɗai za ta rage a hannun mai saye. Na san da nauyi ka ce wa babban mutum ya fara biya, amma shi ma ɗan kasuwa ne, ya san oda ba a yinta da baki. Ku rubuta girma da launi da yawan ƙwai da ranar kawowa, ka liƙa hoton, ya sa hannu, kuma ka tambaya ko uwargida ta ga hoton, don sau da yawa daga can ake cewa a canza.

Kwamitin masallaci kuɗinsu na taimako ne, yana shigowa kaɗan-kaɗan. Ka raba musu aikin kashi-kashi, a dasa ƙugiyoyi duka yanzu, a riƙa kawo fitila bibbiyu gwargwadon abin da ya taru, amma ka tabbatar dilan zai iya ajiye maka iri ɗaya. In kana son ka sa naka taimakon, ka yanke abin da za ka iya, ka ba ma'aji a matsayin sadaka, a rubuta shi daban da takardar ciniki.