Na haɗa hotunan faɗuwar rana, sama ta fito dabbare-dabbare: laifin manhaja ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni sabon shiga ne a harkar hoto, ina zaune a Barnawa. Kwanakin baya na tsaya a kan gadar Kogin Kaduna da yamma, na ɗauki hotunan faɗuwar rana a jere daga hagu zuwa dama da kyamarata mai gilashin 18-55, wato mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55, don in haɗa su su zama dogon hoto guda, wato fanorama. Da na zuba su a manhajar Hugin sai sama ta fito wani wuri haske wani wuri duhu, bakin kogin ya lanƙwashe, ƙarfen gadar da ke gabana ya karye a wuri biyu, wani masunci kuma ya fito sau biyu da kwale-kwalensa. Kyamarar a kan Auto take. Manhajar ce ba ta da kyau, in nemi ta kuɗi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Hugin kyauta ce, amma aikinta ba na wasa ba ne, kuma da ka sayi PTGui ko ka biya kuɗin Lightroom, kusan abin da za ka gani ke nan. Matsalar tun a kan gada ta faru, a wannan kalma da ka faɗa a ƙarshe: Auto.

Kyamarar da aka bari a kan Auto ba ta san cewa hoto guda kake shiryawa ba. Duk lokacin da ka danna, sabon hukunci take yankewa. Da ka fuskanci rana ta ga haske ya yi yawa sai ta rage, hoton ya yi duhu. Da ka karkata nesa da ranar ta ga wuri ya dushe sai ta ƙara, sama ta yi fari fat. Haka take yi da launi: a hoto ɗaya ta ga ja ya yi yawa ta sanyaya shi, a na gaba ta bar shi. Manhajar haɗa hotuna tela ce. In ka kai wa tela ƙyallaye da aka rina a marina daban-daban, zai ɗinke maka su tsaf, amma duk wanda ya kalli rigar zai ga inda wannan ya ƙare, wancan ya fara.

Saboda haka kafin ka ɗauki hoto na farko, ka ƙwace hukuncin daga hannun kyamara. Murɗa ta zuwa M, wato inda kai ne za ka saita komai da hannunka. Sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100 ko 200, buɗewar gilashi a f/8. Sai ka nufi sararin sama da ke gefen rana, ba tare da ita ranar tana cikin hoton ba, ka daidaita saurin ɗauka har wannan wurin ya fito da launinsa bai ƙone ba. Wannan saitin shi za ka bari daga hoton farko har na ƙarshe. Gefen da ke nesa da rana zai fito da duhu, kar ya dame ka, haka yake a zahiri, kuma a kwamfuta ana iya ɗago duhu, musamman in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Wurin da ya ƙone ya yi fari shi ne ba ya dawowa. Ma'aunin launi, wanda aka rubuta WB a jikin kyamara, ka cire shi daga Auto ka sa shi a alamar rana ko ta gajimare. Fokas ma haka: saita shi a kan bishiyoyin can tsallaken kogi, sannan ka kashe na atomatik. In akwai gilashin rage ƙyalli da ake kira polariza a gaban kyamarar, cire shi, domin shi kansa yana sa sama ta yi duhu a wani ɓangare ta yi haske a wani. In da hannu kake ɗauka, kar saurin ɗauka ya gaza 1/125 na daƙiƙa. Gara ka ɗaga ISO kaɗan da ka dawo gida da hoto mai rawa, balle a kan gadar da tirela ke wucewa tana girgiza ta.

Karyewar ƙarfen gada dalilinta daban ne, kuma za ka iya ganin sa yanzu a inda kake zaune. Miƙe hannunka, ɗaga babban yatsa, ka saita shi da wani abu mai nisa. Rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle, abin da ke nesa bai motsa ba. Abin da ya faru da kyamararka ke nan. Yawancin masu koyo suna tsayawa ne su juya jikinsu gaba ɗaya da kyamara a gaba, sai gilashin ya yi tafiyar kusan kamu ɗaya tsakanin hoto da hoto. Ga bishiyar da ke tsallake wannan ba komai ba ne. Ga ƙarfen da ke taku biyu a gabanka kuwa, ya sauya wuri sosai, kuma manhaja ba za ta iya daidaita na kusa da na nesa a lokaci guda ba, dole ta karya ɗaya. Masu sana'ar suna da wani kan ƙarfe na musamman da ke juya kyamara daidai a kan tsakiyar gilashinta. Kai ba ka bukatarsa yanzu. Matsa ka fitar da ƙarfen daga hoton kawai, kar ka bar komai kusa da kai. Sannan ka ɗora gilashin a kan babban yatsan hagu kamar an kafa shi, kyamarar ta tsaya wuri ɗaya, kai ne za ka riƙa zagaya ta da ƙananan taku.

Lanƙwashewar bakin kogi kuwa daga ɗaga kan kyamara ne. Mutum yana son gajimare su shiga da yawa sai ya kalli sama da ita, to da an haɗa sai layin ƙasa ya zama baka. Maganin shi ne ka juya kyamarar a tsaye, kamar za ka ɗauki mutum daga kai zuwa ƙafa, ka ajiye layin da sama ta haɗu da ƙasa a tsakiya. Za ka sami sama mai yawa ba tare da ka karkata ba, kuma za ka sami abin yankewa daga baya, domin gefen fanorama ba ya fitowa a miƙe. Da gilashinka a kan 35, kyamara a tsaye, kowane hoto yana ɗaukar faɗin kusan digiri 25. Ka bar kashi ɗaya cikin uku na kowane hoto ya hau kan na baya, domin a wannan wurin ne manhaja take neman abubuwan da suka yi kama ta ɗaure su. Da wannan lissafi hoto 7 zai ba ka kusan digiri 125. Kar ka yi amfani da 18 don ka rage yawan hotuna. A can ne gilashi ya fi lanƙwasa gefe da duhunta kusurwa.

Sai batun lokaci, wanda mu a nan ya fi matse mu. Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, wato ikwaita, rana kusan a miƙe take gangarowa, ba ta jan ƙafa kamar yadda take yi a Ingila. Tana tafiyar digiri 1 cikin minti 4, faɗinta kuma rabin digiri ne, don haka daga taɓa ƙasa zuwa ɓacewa minti biyu ne da ɗan wani abu. In ka ɓata minti ɗaya kana duba kowane hoto a bayan kyamara, hasken da ka fara da shi ba shi za ka ƙare da shi ba. Ka gwada juyin sau ɗaya ba tare da dannawa ba, sannan ka ɗauke jerin duka cikin daƙiƙa 20 zuwa 30. Ka tabbata ranar ta faɗo a tsakiyar hoto ɗaya, ba a mahaɗa ba. Kafin ka sake wani jerin, ɗauki tafin hannunka, shi ne alamar da za ta raba maka su a kwamfuta. Kuma kar ka ƙura wa rana ido ta ƙaramar tagar kyamara, yi amfani da allon baya. Ni a ganina ma launin da ya fi kyau yakan zo ne bayan ranar ta faɗi, daidai lokacin da ake kiran magariba, sai ka san yadda za ka tsara kanka. A ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, gajimare sun fi ba da ja da ruwan goro. Da hunturu ƙura takan shanye ranar tun ba ta kai ƙasa ba, ta bar sama fayau babu abin da manhaja za ta kama, sai ka tabbata akwai bishiyoyi ko gine-gine a kowane hoto.

Hotunan da ke hannunka ba su mutu ba. A Hugin akwai wurin daidaita haske da launi tsakanin hotuna, ka sa ta yi, zai rage dabbare-dabbaren sosai in dai babu wanda ya ƙone. Ka duba ɗigon da ta ɗaure hotunan da su, ka goge waɗanda suka faɗa kan gajimare, kan ruwa da kan ƙarfen gadar, tunda biyun farko motsi suke yi, na ukun kuma ya yi kusa. Ka bar na tsallaken kogi. Akwai maɓallin miƙe layi a wurin duba samfuri, sannan ka zaɓi shimfiɗa irin ta silinda, wadda ta fi dacewa da hoto mai faɗi haka. Masuncin nan kuwa ka zagaye shi a hoto ɗaya da abin rufewa, ka ce a cire, sai ya saura a ɗayan. Ƙarfen da ya karye ka yanke shi daga ƙasan hoton.

In za ka koma, ka lura da abin da ke shiga gefen hotonka. Garin nan cike yake da barikoki da wuraren tsaro, kuma mutumin da ke juya kyamara a hankali daga wannan gefe zuwa wancan yana jan ido. In akwai jami'i a kusa, ka gaishe shi ka faɗa masa abin da kake yi kafin ka fara. In ka gama haɗawa za ka tura wa mutane ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za ta matse dogon hoton ya zama siriri marar kaifi.