Amsar Kawu kan filin tseren Brooklands

Assalamu alaikum, jama'ar gida. Ɗana, na ga hoton da ka turo na tsohon titin kankaren nan da ya jirkice kamar gefen kwano, ciyawa ta fito a tsaginsa, kana tambaya ko ina ne, kuma me ya kashe shi. Rubutu zai yi tsawo, bari in yi murya.

Wannan wurin Brooklands ne, a garin Weybridge, kudu maso yammacin Landan. Na taɓa zuwa da ƙafata. Shi ne fili na farko a duniya da aka gina musamman don tseren mota mai irin wannan gangaren, an buɗe shi ranar 17 ga Yuni, 1907. Dalilin gina shi kuwa, a lokacin doka a Ingila ta ce mota kada ta wuce mil 20 a awa a kan titi. To masu ƙera mota a ina za su gwada ƙarfinta? Faransa na ta yin gaba. Sai wani mai gonaki, Hugh Locke King, ya zuba dukiyarsa, kusan fam 150,000 na wancan zamanin, a kan ƙasarsa. Da rashin lafiya ta kama shi, matarsa Ethel ce ta tsaya aka ƙarasa aikin. Wannan matar ba a cika ambatonta ba, kuma ta cancanta.

Zagayen mil biyu ne da kwata uku, faɗinsa ƙafa 100, gangaren kuma ya kai kusan ƙafa 30 a sama. Ɗana, hoto ba ya nuna maka tsayin nan. Na yi ƙoƙarin hawa, ban kai rabi ba sai da na dafa da hannu, ga gansakuka tana santsi. Da ka sunkuya za ka ga kankaren falle-falle aka zuba shi, kowane falle da gaɓarsa. A kan waɗannan gaɓoɓin mota ke tsalle, ƙafafu huɗu a iska. A haka John Cobb ya zagaya da gudun mil 143.44 a awa a 1935, cikin Napier-Railton mai injin jirgin sama. Har aka rufe filin ba wanda ya karya wannan. Motar tana nan a gidan tarihin wurin, na tsaya a gabanta, hancinta kaɗai ya ishe ka kallo.

Abin da ya fi burge ni shi ne farkon lamarin. Ba su san yadda ake tseren mota ba, sai suka ari tsarin sukuwar dawaki, har direbobi na sa riguna masu launi kamar mahaya don a gane su. Kuma kwana kaɗan da buɗewa, wani Selwyn Edge ya yi awa 24 yana zagayawa, ya ci mil 1,581, da dare an jera fitilun jirgin ƙasa jajaye a bakin hanya suna haska masa. A nan aka fara cin mil 100 cikin awa ɗaya, Percy Lambert ne a 1913, kuma a shekarar ya rasu a filin. A nan aka yi babbar gasar tseren mota ta Birtaniya, wato British Grand Prix, ta farko a 1926.

To me ya kashe shi? Ba rashin 'yan kallo ba ne. Jirgin sama ne. Tun farko tsakiyar filin fili ne shimfiɗaɗɗe, masu ƙera jirage suka zo suka zauna, kamfanin Vickers ya kafa masana'anta. An yi tseren ƙarshe ranar 7 ga Agusta, 1939, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Wurin ya koma ƙera jiragen yaƙi. Don ɓoye shi daga sama, har bishiyoyi aka dasa a jikin titin. Duk da haka Jamus ta jefa bama-bamai ranar 4 ga Satumba, 1940, mutum kusan 90 suka mutu, Allah sarki. Bayan yaƙi titin ya lalace, gyara ya yi tsada, a 1946 aka sayar wa Vickers. Daga baya aka yanke wani sashen gangaren don manyan jirage su samu tashi. Wannan yankan shi ya fi yi mini ciwo.

Alhaji, kai da ka yi aiki a filin jirgin Kano, ga naka: jirgin saman fasinja VC10 ɗin nan da kuke gani a da, a Brooklands aka ƙera shi, daga nan ya fara tashi a 1962, kuma an tsara shi ne don filaye masu zafi irin Kano da Nairobi.

Yanzu akwai gidan tarihi tun 1991, da shaguna da ofisoshi a kan sauran filin. Hotonka ɗaya ne daga guntayen gangaren da suka tsira. In na duba wayata da dare zan turo muku waɗanda na ɗauka. Sai anjima.