Kawu, kansilanmu na Ailan ba ya raba kwangila

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni ko majalisar gundumar da muke zaune a ƙarƙashinta a nan Ailan daidai take da ƙaramar hukuma irin ta gida, kuma me ya sa 'yan'uwanmu na nan suke ta maganar zaɓen kansiloli alhali yawancinsu ba su da fasfon ƙasar. Zan amsa maka da gundumar Meath, wadda take maƙwabtaka da Dublin, domin a cikinta nake zaune da iyalina.

Ƙasar nan ba ta da jihohi, saboda haka daga gwamnatin tsakiya sai majalisun yankuna, waɗanda tun gyaran da aka yi a 2014 suka koma guda 31, da kansiloli 949 gaba ɗaya. Idan ka tuna cewa jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, za ka ga cewa gunduma a nan babban yanki ce. Majalisar Meath tana da kansiloli 40 da ake zaɓowa daga mazaɓu shida duk bayan shekara biyar, hedikwatarta tana garin Navan, kuma zaɓen da ya gabata an yi shi ne a watan Yunin 2024.

Abin da ya fi ruɗa duk wanda ya taso a gida shi ne, babu ciyaman mai riƙe da lalita. Kansilolin suna zaɓen ɗaya daga cikinsu ya shugabanci zamansu na shekara guda, shi ne yake sanya sarƙar girmamawa a wuya ranar buɗe sabon gini, amma gudanar da aikin yau da kullum, da ɗaukar ma'aikata, da sa hannu a kan kwangila, duk suna hannun babban jami'in gudanarwa, wanda ma'aikaci ne da ake ɗauka ta hanyar tantancewa, ba ɗan siyasa ba. Abin da doka ta keɓe wa zaɓaɓɓu shi ne amincewa da kasafin kuɗin shekara, da tsarin raya gunduma wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci, da ɗaga ko rage harajin gidaje gwargwadon iyakar da aka gindaya masu, da kafa ƙananan dokoki. Ni a ganina an rage masu ƙarfi fiye da kima, kuma su kansu 'yan ƙasar suna wannan ƙorafin, amma ko ba komai tsarin ya toshe ƙofar da ake bi a mayar da kujerar kansila hanyar arziki. Da yawansu ma suna da sana'arsu ta daban, wani manomi, wata malamar makaranta.

Majalisar ce take kula da gidajen masu ƙaramin ƙarfi, da hanyoyin cikin gunduma, da izinin gini, da ɗakunan karatu, da 'yan kwana-kwana, da maƙabartu. Asibiti da 'yan sanda da makarantu ba nata ba ne, ruwan famfo ma an miƙa shi ga wata hukuma ta ƙasa.

To ga inda jama'armu suka shigo. Dokar Ailan ta ba duk wanda ya cika shekara 18 kuma yake zaune a ƙasar damar jefa ƙuri'a a zaɓen kansiloli, har ma da tsayawa takara, ko da ɗan gudun hijira ne da yake jiran hukunci a kan takardunsa, muddin sunansa yana cikin rajistar masu zaɓe. Ta wannan ƙofar ce Yemi Adenuga, haifaffiyar Najeriya, ta ci kujera a Navan a 2019. Shi ya sa idan zaɓe ya ƙarato, bayan an idar da sallar Juma'a za ka ga matasa a bakin ƙofa suna tambayar kowa ko ya yi rajista, dattawa kuma suna tunatar da mu cewa abubuwa biyu da suka fi damunmu, wato izinin mayar da gini masallaci da samun ɓangaren da za mu binne mamatanmu suna fuskantar alƙibla, duk ta majalisar gunduma suke bi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, domin a makonnin nan ne 'yan takara suke zagayawa gida-gida da ƙafarsu, su ƙwanƙwasa ƙofa da yamma, su miƙa maka 'yar takarda mai hotonsu, su tsaya su saurari kukanka ko ana yayyafi.

Ba a dangwala yatsa a nan. Takardar zaɓe tana ɗauke da suna da hoton kowane ɗan takara, sai ka rubuta 1 a gaban wanda ka fi so, 2 a gaban mai bi masa, har inda ka ga dama. Idan gwaninka ya faɗi, ƙuri'arka ta koma ga na biyun, kuma da hannu ake ƙirgawa a gaban wakilan jam'iyyu, wani lokaci har a kwana biyu ko uku ana yi. Saboda mazaɓa ɗaya tana fitar da kansiloli da dama, kujerar ƙarshe takan rataya a kan ƙuri'u 'yan kaɗan, kuma wannan ne ya sa ƙaramar al'umma irin tamu take da ƙima a idon ɗan takara.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ko kansila zai iya samo wa ɗan'uwanmu gida ko aiki, amsar ita ce ba zai iya ba. Sababbin zuwa sukan je masa da irin wannan buƙata, sai ya karɓe su da fara'a, ya rubuta wa ofishin gidaje wasiƙa yana tambayar inda takardarsu ta tsaya, amma layin jira ma'aikata ne suke riƙe da shi bisa ƙa'idar da majalisa ta amince da ita, kuma a wasu gundumomin mutum yakan yi shekaru masu yawa kafin a kira shi.

A gaishe da su Inna da dukkan mutanen gida.