Na tsinci diyazefam a aljihun ƙanena, ya ce maganin asibiti ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana haya da babur a nan Garwa. Na tsinci ƙwayoyin diyazefam a aljihunsa, da na yi masa faɗa sai ya ce ai maganin asibiti ne, Turawa ma sun daɗe suna sha. Gaskiya ne? In ƙwace in zubar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da kulawar da kike yi masa. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ki.

Tarihin magungunan sa barci abu guda yake ta maimaitawa: a fito da sabo, a ce wannan kam ba shi da illa, bayan shekaru a ga ɓarnarsa. A 1903 aka fito da Veronal a Jamus, na farko a dangin babiturat, sai Luminal, wato fenobabital, ya biyo baya a 1912. Sun yi aiki, har gobe ana ba masu farfaɗiya fenobabital. Amma tsakanin abin da ke sa barci da abin da ke kashewa tazarar kaɗan ce, kuma an rasa rayuka da yawa.

Neman mafita ne ya kai Leo Sternbach na kamfanin Roche ga Librium, wanda ya shiga kasuwa a 1960, sannan Valium a 1963, wato diyazefam ɗin da kika gani. Likitoci suka yi ta rubuta shi, har ya shafe shekaru yana kan gaba a magungunan da aka fi sayarwa a Amurka. Daga baya aka gane jiki yana sabawa da shi, kuma an sa shi cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta taƙaita, ba a bayarwa sai da takardar likita. A asibiti muna ceto yaro mai jijjiga da shi, na kan tebur a kasuwa kuwa babu mai awon sa.

Aikinsa shi ne rage gudun saƙonni a ƙwaƙwalwa. Damuwa ta lafa, amma ido da hannu su yi nauyi, ga shi kuma ƙanenki yana ɗaukar fasinja. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗin da matasanmu ke yi: tiramol da safe don jure aiki, diyazefam da dare don a samu barci, wani har da giya. Dukansu suna danne numfashi, mutum na iya kwanciya bai farka ba.

Batun ƙwacewa kuwa, kada ki yi. Idan ya yi makonni yana sha kullum, yankewa lokaci guda na iya jawo rashin barci, karkarwa, har da jijjiga mai hatsari. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Ki zauna da shi ku biyu, ba a gaban abokansa ba, ki tambaye shi nawa yake sha, tun yaushe, da me yake haɗawa, sannan ku je asibiti tare da ƙwayoyin a hannu. In kuwa kika taɓa ganin barcinsa ya yi nauyi, ba ya farkawa, numfashinsa na ja a hankali, ki kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti nan take.