Awo, kirdado da kima: amsa ga wata ɗaliba daga Bukuru

Wata ɗaliba mai karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Jos ta aiko da tambaya: "Malam, kakata takan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mu kuwa ana koya mana kada mu yarda da ido sai da lissafi. Wa ke da gaskiya? Kuma mene ne bambancin awo da kirdado?"

'Yata, mu fara da kalmomin. Daga "auna" aka sami "awo", aka kuma sami "ma'auni", kamar yadda "buɗe" ya haifi "mabuɗi". Awo sai da abin gwaji wanda kowa ya yarda da shi, mudu ko tiya ko sikeli, yadda in wani ya sake aunawa zai sami abin da kika samu. Kirdado ba shi da wannan shaida. "Kima" kuwa tana tsakani. Daga gare ta muka sami "kimanin" da "kimantawa", wato adadin da gogaggen mutum ya faɗa, wanda bai cika yin nisa da gaskiya ba.

Dubi matan da ke wankin kuza a bakin kududdufan da haƙar ma'adinai ta bari a yankinku. Suna karkaɗa kwano a ruwa, yashi ya tafi, baƙar kuza ta zauna. Malamanku za su ce nauyin kuza ya kai kimanin ninki 7 na ruwa, na yashi kuwa 2.65. Hannun matar nan ya san wannan tazara tun kafin a sa mata lamba, kuma ina jin takaicin yadda ake raina saninta.

Sai dai karin maganar da kansa ya fara da ikirari: ido ba mudu ba ne. Ido ba ya ratsa dutse. Shi ya sa kafin a haƙa burtsatse ake kafa sandunan ƙarfe 4 a jere, a tura lantarki ta na gefe biyu, a karanta ta na tsakiya biyu. Gwargwadon nisan da aka ba sandunan gefe, gwargwadon zurfin da awon ke kaiwa. Busasshen dutsen Filato yana tare lantarki, tsagar da ke riƙe da ruwa kuwa tana ba shi hanya.

A nan maganar kakarki ke dawowa. Jiƙaƙƙen yumɓu ma yana ba lantarki hanya, ga shi kuwa ba ya sakin ruwa. Na'urar, mai auna yadda ƙasa ke tare lantarki, za ta nuna ƙaramar lamba a wuraren biyu. Wanda ya taka filin, ya duba rijiyoyin unguwa, ya murza ƙasar da yatsa, shi ke rarrabewa. Idan za ki rubuta rahoto da Hausa, ki kira lambar na'ura "awo", zurfin da kika fitar daga gare ta ki ce "kimanin mita kaza".