Idan Roka Ta Samu Matsala, Yaya 'Yan Sama Jannati Ke Tsira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Argungu, jihar Kebbi. Ɗalibaina sun tambaye ni: idan roka ta kama da wuta wajen tashi, shin na ciki sun halaka ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba dole ba ne. Mutanen suna zaune ne cikin ƙaramin kumbo a saman rokar, kuma yana da na'urar tserewa da ke fizge shi cikin daƙiƙu, sannan lema ta buɗe ya sauko a hankali.

Hanya biyu ce. Soyuz na Rasha yana da hasumiya mai injina a samansa da ke jan kumbon. Crew Dragon na kamfanin SpaceX kuwa injina takwas ne a jikinsa ke tura shi. An gwada su a ƙasa a 2015, aka sake gwadawa a sama a Janairun 2020, babu kowa ciki, aka kashe injinan rokar da gangan. A ganinmu wannan gwajin na biyu shi ne mafi muhimmanci, domin an yi shi ne a lokacin da iska ke matsa wa rokar sosai.

A Oktoban 2018 wata na'urar gano rabuwar sassan roka da ta lanƙwashe wajen haɗa rokar Soyuz ta hana ɗaya daga cikin rokokin gefe rabuwa yadda ya kamata, sai ya bugi jikin uwar rokar. Na'urar tserewa ta fizge kumbon, mutum biyun da ke ciki suka sauka da ransu a Kazakistan. Kumbon Challenger na Amurka ba shi da irin wannan tsari. Mutum bakwai da ke cikinsa suka rasu da ya tarwatse wajen tashi a 1986, abin tausayi.